Ɗakin Goggo Akwai Ya Yi Albarka

Duk wanda ya taɓa sayen ashana a layin da ke bayan babban asibiti ya san Goggo Akwai. Ba sunan yanka ba ne, bakinta ne ya jawo mata. Shekara da shekaru tana tsare da kantin da ke jikin gidanta, kuma ba wanda ya taɓa jin kalmar “babu” ta fito daga bakinta. Ka ce, “Goggo, akwai sabulu?” ta ce akwai. Batir? Akwai. Zaren ɗinki shuɗi, irin wanda aka daina yi tun tuni? Sai ta ce ka dakata, ta duƙa ƙarƙashin tebur ta zaro maka shi, da ƙurarsa da komai. In kuwa abu ya ƙare ƙaf, ba za ta ce ya ƙare ba. Sai ta karkatar da kai ta ce, “Ayya, ya yi albarka.” Haka ta ji mahaifiyarta tana faɗa a kan gishiri da mai, haka ita ma ta riƙe. Mutanen layin duk sun san fassarar: in Goggo ta ce sukari ya yi albarka, kama hanya ka nemi wani kantin.

Ba riba ce ta riƙe ta a kantin nan ba, surutu ne. Mace ce da ba ta iya shan shayi ita kaɗai. Masu jinya da ke fitowa daga asibiti neman ruwan zafi, direbobi, ma'aikatan jinya da suka tashi aiki, kowa sai ya ɗan zauna a bencinta, kuma kafin ya tashi ta san garinsu da ciwon da ya kawo shi da yawan 'ya'yansa.

To, amma gwiwa ba ta san wannan ba. Bayan rasuwar maigidanta ta ci gaba da lallaɓawa, har ranar da hawa kujera don sauko da kwalin madara ya gagare ta, sai ta rufe kantin. 'Ya'ya sun riga sun watse, kowa da garinsa. Gidan da a da sai ka ɗaga murya kafin a ji ka, ya koma har ɗigar famfo kana ji daga falo. Ana nan, wata safiya santsi ya ɗebe ta a banɗaki. Ba ta karye ba, amma ta daɗe a ƙasa tana kira babu mai amsawa, sai da Tela, maƙwabcinta na tsallaken layi, ya ga rana ta ɗaga ba ta buɗe taga ba, ya turo matarsa.

Washegari babban ɗanta, Injiniya, ya iso da fuska a murtuke. Ya kafa ƙarfen dafawa a bangon banɗakin, ya shimfiɗa roba a ƙasa, sannan ya zauna ya faɗi abin da ya kawo shi.

“Goggo, ki haɗa kayanki. Ɗaki na nan a wurinmu, da fanka da komai. Ba zan bar ki a gidan da za ki faɗi ba mai ji ba.”

Goggo ta san ɗakin. Hawa na sama ne, tagarsa na kallon bangon wani gidan, kuma a unguwar maƙwabci bai san sunan maƙwabci ba. Tsoro ya kama ta, tsoro na gaske, wanda ko a ƙasan banɗaki ba ta ji irinsa ba. Nan aka kawo ta amarya, nan ta dasa lemun tsamin da ke tsakar gida, nan ta yi wa maigidanta jinyar ƙarshe.

Ta ce, “Wato matsalarka mutane ce?”

“Mutane ce.”

“To in mutane ne, zan samo mutane.”

Injiniya ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Ya ce ya ji. Zai dawo in yara sun sami hutun makaranta. In ya tarar da gidan da motsi, shi ke nan, ya janye. In ya tarar da shi shiru, za ta shiga mota ba gardama. Ta ce ta yarda.

Matar Injiniya ce ta kawo dabarar. Goggo har yau Amarya take ce mata, alhali babbar 'yarta ta kusa gama sakandare. Ita Amarya tana son surukarta tsakani da Allah, kuma ta san in aka kai ta benen nan za ta bushe a tsaye. Tare suka zo, ita ta zauna ta yi 'yan kwanaki bayan mijin ya koma. Ta ce, “Goggo, sashen baya da yara suka tashi, ɗaki da falo da ɗan kicin, ga ƙofarsa daban. Me zai hana mu gyara shi a riƙa saukar baƙi na kwana biyu, kwana uku? Ga asibiti, ga tasha. Yanzu ta waya ake neman masauki.”

Goggo ta ce ba ta son ɗan haya mai zuwa ya kafa ƙusa a bango ya shekara goma yana ɗaure mata fuska. Amarya ta ce ba irinsa ba ne, waɗannan zuwa suke su tafi, kamar masu sayayya. Jin haka sai idon Goggo ya yi haske.

Aka yi fenti, aka sayo katifa da zannuwan gado, aka gyara famfon wanka. Tela ya ɗinka labule, yana yi yana tsiya: “Goggo an zama mai otal! Ni dai a ba ni aikin gadi.” Ta ce masa mai gadin da ke barci a kan keken ɗinki ba ta buƙatarsa. Da aka zo ɗaukar hoto, Amarya na son gado da taga su fito, Goggo kuwa ta kafe sai an sa butar shayinta da bishiyar lemun. Ta ce wanda zai zo don gado kawai, gado na ko'ina.

Sai aka zo kan zaɓen shafin da za a sa tallar. Amarya ta buɗe guda uku a wayar tana bayani, Goggo ta katse ta: “Ke dai ki ce dillalai ne. Na yi hulɗa da dillalai tun kafin a haife ki. Faɗa min halin kowanne.”

Na farko babba ne, duniya duk ta san shi. Baƙo zai ga hoto, ya danna, ya biya, shi ke nan ya kama ɗaki, ba sai ya yi magana da kowa ba, dillalin kuma ya yanki rabonsa. Goggo ta sa masa suna Mai Gaggawa. Na biyu shafin tallar komai da komai ne, daga tsohuwar mota har tukunyar gas, kyauta ake sa talla a bar lambar waya. Wannan ta ce masa Kasuwa. Na uku ƙarami ne, ba a san shi sosai ba, amma a cikinsa sai baƙo ya turo saƙo an yi magana an daidaita, in ya iso ya biya. Kuma yana da tafinta a ciki: ka danna ka yi maganarka da Hausa, shi baƙon ya karanta da harshensa, amsarsa ta dawo maka da Hausa, wayar ta karanta maka. Goggo ta riƙe baki. Ta ce, “Wannan shi ne Mai Tafinta.”

“To wanne za mu ɗauka?” in ji Amarya. “Gara mu fara da ɗaya, ki saba.”

Haba! Matar da ba ta iya ce wa mai neman allura babu, ita za ta kori dillali biyu? Ta ce duka ukun. Amarya ta yi ta nuna mata kalanda, cewa in an kama ɗaki a ɗaya sai ta rufe ranar a sauran. Goggo ta ce ta gane, ta gane sarai. Ba ta gane komai ba, hankalinta na kan tafinta.

Kasuwa ce ta fara kawo kira, har Goggo ta gyara ɗaurin ɗankwali kafin ta ɗauka. Mai kiran ya ce firjin da ya gani a hoton, nawa ne gaskiyarsa? Na biyu ya tambayi labulen. Wata kuma ta ce ko za a ba ta sashen ta buɗe wurin gyaran gashi. Tela ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce aƙalla an yaba ɗinkinsa.

Mai Gaggawa ya kawo baƙo na gaske, wani mai jakar baya da abin sauraro toshe a kunne. Goggo ta dafa shayi ta jera kofuna, ta zauna tana jira a gaisa. Bawan Allah ya karɓi makulli, ya ɗaga mata yatsa ɗaya, ya shige. Kwana biyu ko tarinsa ba ta ji ba. Da ya tafi ya ba ta taurari huɗu cikin biyar, ya rubuta cewa wuri mai tsabta, sai dai mai gidan tana yawan ƙwanƙwasa ƙofa. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai. Ta kira Amarya ta ce, “Sau uku fa kacal! Kuma duk da shayi a hannuna!” Ga shi hutun makaranta na matsowa, kuma irin wannan baƙon ko ta faɗi a banɗaki ba ji zai yi ba. Ta san Injiniya ba zai kira wannan motsi ba.

Ana saura 'yan kwanaki hutu, Mai Gaggawa ya sake kama sashen, wata malama ce za ta zo aikin duba takardun jarrabawa. Goggo ta ce a ranta to, ko ba komai dai mutum ɗaya ya fi babu, sai ta kama bakinta don kalmar ta kusa suɓuce mata a fili.

A ranar ne Mai Tafinta ya yi ƙara karo na farko. Wata mata ce daga nesa, ba ta jin Hausa. Ta ce za ta kawo mahaifinta aikin ido a asibiti, ko ɗakin yana nan a ƙarshen mako? Ranakun malama ne daidai. Goggo ta ji kamar ta yi kuka, ga irin baƙin da take so, ga ɗaki an riga an kama. Ta danna ta ce da murya mai taushi, “Ayya 'yata, ɗakin ya yi albarka. Allah ya ba Baba lafiya, ya kawo ku lafiya.”

Amsa ta dawo nan take: “Mun gode, Mama. Kin kwantar mana da hankali.”

Goggo ta jinjina kai. Ta ce wa Tela, “Ka ga tarbiyya? An hana ta ɗaki tana godiya.”

Washegari wasu mutum biyu masu gyaran injinan asibiti suka turo nasu saƙon, su ma ranakun nan suke so, su ma ba Hausa. Ta ce musu ɗakin ya yi albarka, Allah ya ba da sa'ar aiki. Suka amsa da cewa madalla, ba su taɓa jin mai masauki ta faɗi haka ba. Goggo ta ce lallai mutanen Mai Tafinta 'yan albarka ne, ba ruwansu da fushi.

Ranar ta zo, kuma ita ce ranar da Injiniya ya ce zai iso da yamma. Malama ta sauka da hantsi, doguwa mai tabarau, da ƙunshin takardu a hammata. Ta gaishe da Goggo da Hausa tsaf, amma ta ce don Allah tana buƙatar shiru. Goggo ta haɗiye shayinta da tayinta.

Bayan azahar tasi ta tsaya a ƙofa. Wata mata ta fito tana riƙe da hannun wani dattijo mai sanda, idanunsa sun yi fari. Ta nufo Goggo da fara'a ta rungume ta, tana nuna mata hoton butar shayi a waya. Kafin Goggo ta gama buɗe baki, ga wata mota, maza biyu sun sauko da akwatunan ƙarfe, su ma suna murmushi suna nuna hoton bishiyar lemu. Kowa na magana, ba mai jin wani. Tela ya bar keke ya tsallako, tsinken allura a baki.

Hayaniyar ce ta fito da Malama, ranta a ɓace. “Goggo, na ce ina son shiru. Kuma su waɗannan da ke cewa sun kama sashen da na biya fa?” Ashe tana jin harshensu.

“Wallahi ban ba su ba, 'yata! Na faɗa musu da bakina.”

“Me kika ce musu?”

“Na ce ya yi albarka.”

Malama ta tsaya cak. Ta karɓi wayar matar ta karanta, ta karɓi ta masu gyara ta karanta. Sai kafaɗunta suka fara rawa. Ta cire tabarau, ta dafa bango, dariya ta ci ƙarfinta har da hawaye. Da ƙyar ta ce, “Kakata! Haka kakata take cewa in gari ya ƙare a buhu. Rabona da jin wannan tun ina yarinya. Goggo, tafintan nan bai san ya ƙare kike nufi ba. Ce musu ya yi ɗakin mai albarka ne, Allah ya kawo su lafiya!”

Tela ya zauna a ƙasa daɓas. Goggo ta ɗora hannu a ka ta ce, “Na shiga uku, ashe ni da bakina na gayyato su!” Kunya ta rufe ta, ga dariya na cin ta, ga tausayin dattijon da ke tsaye a rana bai san abin da ake ciki ba.

Malama ta juya ta yi musu bayani. Masu gyara suka fashe da dariya. Matar kuwa ba ta yi dariya ba. Ta yi magana a hankali, Malama ta fassara, ita ma muryarta ta sauya: “Ta ce mahaifinta ya daɗe yana ƙin aikin nan, tsoro yake ji. Da ta karanta masa cewa ɗakin da zai sauka mai albarka ne, sai ya ce to a tafi.”

Goggo ba ta ƙara tunani ba. Ta kama ɗaya hannun dattijon ta ce, “Faɗa masa ba a yi masa ƙarya ba. Akwai.”

Ɗakinta na kanta ta ba su, shi ne kusa da banɗakin da Injiniya ya kafa wa ƙarfen dafawa, dattijo ya shafa ƙarfen ya yi ta sa albarka da harshensa. Masu gyara aka buɗe musu tsohon kanti. Matar Tela ta kawo tsintsiya, Tela ya ɗauko katifu biyu a ka, su kuma da suka ga fankar kantin ta mutu, suka buɗe akwati suka tashe ta kafin a gama shara. Goggo ta kwaso zannuwanta ta ajiye a kan doguwar kujerar falo, ta ce nan ya ishe ta. Malama da ta zo neman shiru, sai ga ta a gindin lemu da takardunta a cinya, tana jan biro tana tafinta, kofin shayi a gefenta. Ta ce wa Goggo, “Na karanta abin da wancan baƙon ya rubuta. Ni dai ki riƙa ƙwanƙwasa min.”

Haka Injiniya ya tarar da gidan da la'asar sakaliya. Ya buɗe bayan mota, ya fito da kwalayen da ya tanada don kwasar kaya, ya yi sallama. Murya biyar ta amsa, kowace da irin nata lafazin. Ya tsaya a bakin tsakar gida da kwali a hannu. Takalma birjik a ƙofar falo. Wani dattijo na jan carbi a kujerar mahaifinsa. Wani ƙato na matse lemu a buta. Uwarsa kuwa tana tsakiya tana ba da umarni da hannu da ka, muryarta har waje, irin muryar da rabonsa da ji tun kanti na buɗe.

Amarya da ta biyo shi ta ji labari daga bakin Tela, ta yi dariya har ta zauna a kan ɗaya daga cikin kwalayen mijinta. Da ta farfaɗo ta karɓi wayar ta ce, “Goggo, yau dai sai kin zaɓa.”

Wannan karon Goggo ba ta yi gardama ba. Ta ce a sallami Kasuwa, firjinta ba na sayarwa ba ne. Mai Gaggawa a gode masa, ya kawo Malama, amma a ajiye shi gefe sai in an ga wata ya yi shiru. Mai Tafinta shi ne nata, don a nan ake gaisawa kafin a zo. “Sai dai ki koya masa Hausa,” in ji ta.

“Ke za ki koyi kalanda,” in ji Amarya. Ta nuna mata: in an kama rana, ki danna ta, ta yi toka-toka, ba wanda zai ƙara tambaya. Goggo ta gwada da ɗan yatsa, ranar ta dushe. Ta kalli Amarya da mamaki. “Wato ba sai na ce komai ba? Ita za ta faɗa?” Amarya ta ce ita za ta faɗa. Goggo ta ce in haka ne ta yafe wa wanda ya ƙirƙiro waya.

Duk wannan Injiniya na tsaye da kwalinsa a hannu. Goggo tana satar kallonsa, don ta san ɗanta, in ya kafe ya kafe. Can ya ajiye kwalin, ya durƙusa ya gaishe ta yadda ya kamata. Ya leƙa sashen baya, ya leƙa kanti, ya ga zannuwanta a kujerar falo, inda Amarya ta riga ta ajiye jakarta a gefe. Ya dawo yana sosa ƙeya.

“To Goggo, ni a ina zan kwana? Akwai wuri?”

Tela ya cire tsinke daga baki. Goggo Akwai ta dubi ɗan da ta haifa a gidan nan, ta karkatar da kai kamar yadda take yi a bayan tebur, ta ce, “Ayya, Injiniya. Ya yi albarka.”

Ya buɗe baki zai yi dariya, sai ya fasa. Ya sake duban dattijon, da takalman, da butar da ke tururi, da fuskar uwarsa. Idonsa ya kawo ruwa, bai ɓoye ba.

“Ya yi, Goggo,” in ji shi. “Wallahi ya yi.”

Ya tashi Amarya daga kan kwalin, ya tattara sauran ya mayar bayan mota. Tela ya bi shi yana cewa akwai tabarma a shagonsa, amma shi ba ya karɓar taurari ƙasa da biyar. Goggo ta goge ido da bakin mayafi, ta ɗaga murya ta ce a ƙaro kofi ɗaya.